Iya Ruwa Fid Da Kai: Labarin Gandun Murjani Na Bahar Maliya

Kakata tana da wani zaren murjani ja wur, wanda take ajiyewa can ƙasan adakarta, ba ta fito da shi sai da Salla ko kuwa in ana wani babban biki a gidanmu. Ta ce gadonsa ta yi wajen mahaifiyarta. Tun ina ƙarami na ɗauka wani irin dutse ne da ake haƙowa a ƙasa, a fasa, a huda. Ban san na yi kuskure ba sai a shekarar 2023, lokacin da yayana ya dawo daga Sudan. Yana karatu ne a Hartum, yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, aka kwaso su tare da sauran ɗaliban Nijeriya ta garin Fot Sudan, wanda mutanen can ke kira Bur Sudan.

Wata rana da daddare muna hira a tsakar gida, Kaka tana sake wa murjanin nan zare, sai Yaya ya ce, "Kaka, kin san abin da ke hannunki ƙashin wata halitta ce ta cikin teku?"

Ta ce, "Tafi can, miji marar cefane! Yaushe dutse ya zama dabba?"

Ya ce ai shi da idonsa ya ga danginsa da ransu, domin shekara guda kafin yaƙin ya je hutu Bur Sudan, an koya masa nutso, ya shiga ƙarƙashin Bahar Maliya. Tun daga ranar nake damunsa da tambaya, ina kuma bincikawa a ɗakin karatu da wajen malaminmu na kimiyya. Abin da na tara ke nan nake son in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, domin na ga akwai darasin da ya shafe mu a ciki, ko da yake tsakaninmu da teku tafiya ce mai nisa.

MENE NE MURJANI?

Duk wanda ya taɓa zuwa gona ya san suri. Gara ƙaramar aba ce, amma in suka taru suka daɗe suna aiki sai su tayar da ginin da ya fi mutum tsawo. To, haka murjani yake. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu taushin jiki, yawancinsu ba su wuce ƙwayar dawa ba, kowace tana da baki guda da 'yan hannuwa kewaye da shi. Kowace takan zuƙo sinadarin alli daga ruwan teku ta gina wa kanta ɗan ƙoƙo mai tauri ta zauna a ciki. In ta mutu ƙoƙon yana nan, na baya su ɗora nasu a bisa. Da haka, cikin dubban shekaru, sai a sami tudu a ƙarƙashin ruwa. Aikin ba ya sauri. Irin mai dunƙule kamar tukunya yakan ƙaru da wajen santimita 1 ne a shekara, irin mai rassa kuwa yakan kai santimita 10. Wanda ya fi kowane girma a duniya yana gefen Ostireliya, tsawonsa kilomita 2,300, watau ya ninka tafiyar Funtua zuwa Ikko sau biyu har da ɗori.

Wani abin mamaki kuma, a cikin naman waɗannan halittu akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani. Ita ce ke amfani da hasken rana ta haɗa abinci kamar yadda ganyen masara ke yi, ta ba murjanin mafi yawan abin da yake ci, shi kuma ya ba ta masauki da taki. Zaman ya yi kama da na manomi da Bafillace bayan kaka: shanu su ci kara da harawa, su bar wa gona taki, kowa ya amfana. Saboda wannan gansakuka ne murjani mai gina tudu ba ya rayuwa sai a ruwa marar zurfi, mai haske, mai ɗumi kamar digiri 23 zuwa 29.

Na Kaka kuwa ɗan'uwansa ne, amma gida daban. Jan murjanin ado ya fi fitowa daga Bahar Rum, yana son wuri mai duhu-duhu, ba ya kuma gina tudu. Fataken Larabawa ne suka riƙa ratso Sahara da shi daga wajen Turabulus zuwa kasuwannin Kano da Katsina. Kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san an ambaci lu'ulu'u da murjani a cikin Suratur Rahman, cikin ni'imomin da ke fitowa daga teku.

DON ME SAI BAHAR MALIYA?

Na tambayi malaminmu, mu da muke da teku a Ikko da Fatakwal, me ya hana mu irin wannan tudu? Ya ce laka ce. Kogin Kwara da sauran kogunan kudu suna kwarara jan ruwa mai laka cikin tekunmu dare da rana, har da wanda ya faro daga nan yankinmu, domin Gulbin Sakkwato a kusa da Funtua ya samo tushe. Laka tana tare hasken rana, tana kuma toshe bakin halittun. Bahar Maliya kuwa hamada ce ta sa ta tsakiya gabas da yamma, babu wani kogi mai gudu rani da damina da ke zuba a cikinta. Don haka ruwanta garau yake, ga ɗumi, ga gishiri fiye da na yawancin tekuna, kamar giram 40 a lita guda, alhali na sauran bai wuce 35 ba.

Wannan teku ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Kaka ta ce mahaifinta a ƙasa ya tafi Makka, ya shekara bakwai kafin ya dawo. Irinsu sukan bi ta Barno, su ratsa Chadi da Darfur, suna tafe suna ƙwadago a gonakin auduga, har su isa Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tsofaffin gidajen Sawakin da na tsohon garin Jidda da dutsen murjani aka gina su. Kai, murjani ne ma ya ƙuntata mashigin Sawakin har manyan jirage suka kasa shiga sosai, Turawan Ingila suka kafa Bur Sudan a 1905. Da yawa daga cikin alhazan nan ba su dawo ba, jikokinsu suna can har yau. Yaya ya ce ɗaya daga cikin matuƙan jirgin da ya kai su Bahaushe ne, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma da ya ji Yaya daga ƙasar Katsina yake sai ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

SANGANEB, DA ABUBUWA HUƊU

Wurin da aka kai su sunansa Sanganeb. Yana tsakiyar ruwa, kilomita 25 daga gaɓa, watau kamar rabin tafiyar Funtua zuwa Malumfashi. Tudun murjani ne da ya taso daga ƙasan teku mai zurfin wajen mita 800, ya zo dab da saman ruwa ya yi zobe, ya bar tafki a tsakiya. Akwai doguwar hasumiyar fitila a kansa wadda ke yi wa jirage gargaɗi da dare. Gwamnatin Sudan ta keɓe wurin a 1990, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2016, tare da yankin Dungonab da ke arewa, inda ake samun wani ɗan'uwan ayu.

Da Baba ya ji an ambaci zurfin mita 800, sai ya ce, "Ashe kasada ka je yi da kuɗin makarantar da nake aika maka?" Yaya ya ce a'a, ai ba a kai ɗan koyo bayan zoben, inda bangon ya miƙe ƙasa kamar rijiya, ruwa kuma ke ja. Can na ƙwararru ne. Malamin da ya koya musu ya ce kafin a kira wuri mai dacewa da ɗan koyo sai ya cika sharuɗɗa huɗu. Na farko, ya zama marar zurfi, kuma an san zurfin kowane sashe nasa. Na biyu, ruwan ya zama garau, yadda malami zai ga ɗalibi, ɗalibi ya ga inda zai sa ƙafa. Na uku, ruwan ya zama a kwance, ba igiya ba ja. Na huɗu, kuma mafi girma, a sami gwani a kusa wanda ba shi da wani aiki sai lura da kai. Cikin zoben Sanganeb akwai wurare masu farin rairayi da suka cika duka huɗun, domin tudun ya tare igiyar ruwa kamar yadda katanga ke tare iska. Ina roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan huɗun, za mu komo kansu.

KAYAN NUTSO DA DOKOKINSA

Mutane sun daɗe suna nutso da numfashinsu kaɗai, amma wannan ba ya wuce minti ɗaya ko biyu ga yawancin mutane. A 1943 ne wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ta sa mutum zai iya goya iskarsa ya shiga ruwa. Shi Cousteau ɗin nan har ƙauye ya gina a ƙarƙashin ruwa a 1963, a wani tudun murjani mai suna Sha'ab Rumi arewa da Bur Sudan, mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10.

Kayan su ne: tukunyar iska ta ƙarfe da ake goyawa, mai kama da tukunyar gas, bututu mai na'ura a baki wadda ke sakin iska daidai lokacin da mutum ya ja numfashi, gilashin da ke rufe ido da hanci, takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ɗamarar darma don a iya nutsewa, da wata 'yar shara da ake hura wa iska don a tsaya cak ko a taso. Mutane da yawa suna zaton oksijin zalla ne a tukunyar. A'a, iskar nan ce da muke shaƙa, aka matse ta har ninki 200. Tukunya mai lita 12 takan ɗauki lita 2,400, watau kusan cikin jarka 100 mai lita 25.

Duk dokokin nutso daga abu guda suka fito, shi ne nauyin ruwa. Iskar da ke bisa kanmu tana danna mu kullum, mun saba ne ba mu ji. In mutum ya yi ƙasa mita 10 cikin ruwa, dannin ya zama biyu. A mita 20 ya zama uku. Da za ka hura balan-balan ka nutsa da shi mita 10, sai ya tsuke ya koma rabi. In kuwa a can ƙasa ka hura shi ka taso da shi, sai ya kumbura ninki biyu, ƙila ya fashe. To, huhun mutum ma haka yake. Saboda haka doka ta fari ita ce, mai shaƙa daga tukunya ba ya riƙe numfashi ko kaɗan, musamman in yana tasowa.

Ta biyu ta kunne ce. Duk wanda ya taɓa nutso ya san zafin da kunne kan yi. Ruwa ne ke danna dodon kunne. Maganinsa a sauka sannu, a riƙa toshe hanci ana hurawa a hankali tun kafin zafin ya fara. Mai mura ba ya nutso sai ya warke.

Ta uku, a taso sannu. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, shi ne harafin N da ke jikin buhun takin zamani. A ƙarƙashin danni yakan narke cikin jini. In aka taso da gaggawa sai ya yi kumfa a jiki kamar an buɗe kwalbar lemo da aka girgiza, ya kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Shi ya sa ake dakatawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito, kuma ba a shiga jirgin sama a ranar da aka yi nutso. Mai gwajin farko ba a barinsa ya wuce mita 12, wanda ya ci jarrabawar farko kuma iyakarsa mita 18.

Ta huɗu, ba a nutso mutum ɗaya. Da yake ba a iya magana, da hannu ake yi. Nan ne Yaya ya ba mu dariya. Ya ce da daɗi ya kama shi sai ya ɗaga wa malamin babban yatsa, yana nufin komai lafiya. Ashe a wurinsu wannan alama ma'anarta "mu hau sama". Sai malamin ya kama shi ya fara tasowa da shi! Alamar lafiya ita ce a haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Bai shiga teku ba sai da ya yi yini guda yana koyo a ruwa iya ƙirji: yadda zai fitar da ruwa daga gilashi, da yadda zai lalubo bututu in ya kuɓuce daga bakinsa.

ABIN DA YA GANI

Ya ce bai wuce mita 6 ba, amma abin da ya gani ya ishe shi labari har tsufa. Wani murjanin kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa. Ƙananan kifaye ruwan goro suna tashi a kansa kamar jan baki a gonar gero. Ya ga kifi mai baki irin na aku yana gurgurar dutsen har ana jin ƙarar, yana kasayar da farin rairayi. Ya ga kififiya ta wuce abinta ba ta ko dube su ba. Komai yakan yi kamar ya fi girmansa, ya kuma matso kusa. Launin ja ne ke fara ɓacewa in ana yin ƙasa, har ya ce da za a kai murjanin Kaka mita 10 da sai ta rantse an musanya mata da baƙi.

Masana sun ce tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen rubu'in ire-iren halittun teku a nan suke samun abinci da mafaka. An hana su taɓa komai, domin shuri guda yana karya ginin shekara goma. Babban abokin gaban murjani kuwa zafi ne. In ruwa ya ɗara yadda ya saba da digiri 1 kacal na 'yan makonni, sai murjanin ya kori gansakukarsa, ya yi fari fat kamar gonar auduga, in abin ya daɗe yunwa ta kashe shi. An ga haka a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, aka kuma ba da sanarwar karo na huɗu a Afrilun 2024. Ashe canjin yanayin da ke rikita mana damina bai bar na cikin teku ba.

MU KOMO GIDA

Yanzu sai mu auna namu ruwan da sharuɗɗan nan huɗu. Muna da madatsun ruwa kamar ta Mairuwa da ta Malumfashi, ga kududdufai a bayan kowane gari inda aka ɗebi ƙasar gini. Wa ya san zurfinsu? Kana tafiya ruwa iya gwiwa, taku guda ka faɗa ramin da ya shanye ka. Garau ne? Da damina ko tafin hannunka ba ka gani, balle kututture, ko tsohuwar koma, ko taɓon da ke riƙe ƙafa. A kwance yake? Bayan ruwan sama rafi yana ja fiye da yadda ido ke gani. Gwani fa? Babu kowa sai sa'o'inka. Huɗun duka mun faɗi.

Ba da ka nake wannan magana ba. A hutun daminar bara mu uku muka je wani kududdufi a bayan garinmu. Ɗayanmu ya ce shi gwani ne, ya hau kan gaɓa ya yi tsalle. Ya taso sau ɗaya, bai yi ihu ba, bakinsa yana shan ruwa, hannuwansa suna dukan banza. Mun ɗauka wasa yake. Na yunƙura zan faɗa, sai wani dattijo da ke huɗa da shanu a gefe ya daka mini tsawa, ya ce, "Kai yaro, tsaya nan! So kake a yi biyu?" Ya kwance igiyar shanunsa ya jefa, Allah Ya sa abokin namu ya kama, muka jawo shi. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Dattijon ya yi gaskiya, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, balle wuyan abokinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, da yawansu yara da matasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 25 ga Yuli don tunatarwa a kan haka, ranar kuwa ta faɗo daidai tsakiyar daminarmu, dab da dogon hutu. Ban da nutsewa ga tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ke da katantanwa. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na Libaful suka yi bincike a kanta a ƙasar Malumfashi. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ne, ciwo ne, kuma yana da magani a asibiti.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, kada mu shiga ruwan da ba mu san zurfinsa ba, kada mu shiga mu kaɗai, kada kuma mu yi tsalle da ka don a ce mana jarumai. In wani ya nutse, a yi kururuwa, a miƙa gora ko igiya ko rawani, ko a jefa masa jarka marar komai mai murfi, amma kada a bi shi. Masuntan Argungu ma, da duk ƙwarewarsu, da gora suke shiga ruwa.

Iyayenmu kuma, muna roƙo da ladabi. Hani da bulala kaɗai ba su hana yaro zuwa rafi, sai dai su sa ya tafi a ɓoye. Da za a haɗa kai da masunta da Sarkin Ruwa, a zaɓi wuri marar zurfi da aka auna, a sa rana, manya su tsaya a koya mana iyo, da ya fi. Gaskiya ne kowa da ajalinsa, amma an ce mu ɗaure raƙumi kana mu yi tawakkali.

Ni dai ina da burin wata rana, in Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, in bi sawun kakan-kakana zuwa bakin Bahar Maliya, in ga gandun nan da idona. Kaka ta ce in na je in ɗebo mata ko ƙwaya uku. Na ce ai an hana taɓawa. Ta ce to, in gaishe su. Allah Ya tsare mu, Ya kai mu hutu lafiya, Ya komo da mu lafiya, amin.